Kallon Tsuntsaye a Gindin Dutsen Afi

Hausawa kan ce tafiya mabuɗin ilimi, amma ba su faɗi irin ƙofar da mabuɗin zai buɗe ba. Wani yakan bar gida da niyyar gano abin da ke can nesa, sai ya dawo da labarin abin da ya baro a ƙofar gidansu. Irin wannan ce ta faru da wani malamin makarantar sakandare, mutumin ƙasar Kano, wanda ya shafe fiye da shekara ashirin yana koyar da ilimin halittu, ya kuma yi tattaki har kurmin Jihar Kuros Riba domin ya ga wani tsuntsu guda ɗaya.

Abin ya samo asali ne daga wata ziyarar ƙaro ilimi da ya raka ɗalibansa zuwa Cibiyar Binciken Tsuntsaye ta A. P. Leventis, wadda aka kafa a shekarar 2001 a ƙauyen Laminga, kusa da Jos. A can ne wani matashi mai bincike ya miƙa masa madubin hangen nesa, ya nuna masa wata 'yar tsuntsuwa a kan reshe. Da ido kawai ba ta wuce ɗigon tawada ba. Da ya kara madubin kuwa, sai ga wuyanta kore shar yana walƙiya, bakinta siriri a lanƙwashe, tana tsotsar ruwan fure. Matashin ya shaida masa cewa an ƙidaya tsuntsaye fiye da iri 900 a Nijeriya. A hanyar komawa gida malamin ya ɗauko takarda ya shiga jera waɗanda ya sani: kurciya, hasbiya, balbela, shamuwa, hankaka, shirwa, cilakowa, carki, fakara, da sauransu. Bai kai talatin ba alƙalaminsa ya tsaya. Kunya ta rufe shi, domin ya sha zana wa yara hoton fiffike da ƙashin tsuntsu a kan allo, amma bai taɓa tsayawa ya dubi mai rai ba.

Bai daɗe da dawowa ba ya sayi madubin hangen nesa na hannu, ya kuma samo littafin tsuntsayen Afirka ta Yamma mai hotuna. Abokan aikinsa suka mai da abin na raha, suna cewa bin tsuntsu ai aikin yara ne masu danƙo. Ranar da ya gaya wa mai ɗakinsa cewa zai yi hutun ƙarshen shekara a kurmi wajen neman wani tsuntsu, sai ta ajiye abin da take yi ta dube shi, ta ce, "Malam, shi tsuntsun nan ci ake yi ko sayarwa?" Ya ce ko ɗaya, kallo kawai ake yi. Ta ce, "To, Allah Ya kai ka lafiya Ya dawo da kai," ta ci gaba da aikinta.

Tsuntsun da ya ɗauke masa hankali ba shi da suna a Hausa, domin bai taɓa zama a ƙasar Hausa ba. Masana suna kiransa Fikatatis, amma za a iya ce masa tsuntsun dutse, tun da yake a jikin duwatsun kurmi yake rayuwa. Iri biyu ne kacal a duniya, kuma duk a Afirka suke. Na farko, mai farin wuya, ana samunsa daga Gini zuwa Gana. Na biyu, mai tokar wuya, wanda wani masani Bajamushe mai suna Reichenow ya fara bayyana shi a rubuce a shekarar 1899, yana zaune ne a kudu maso gabashin Nijeriya da Kamaru da Gabon da Ikwatoriyal Gini. Tsawonsa ya kai kimanin santimita 35. Kansa sanƙo ne, kusan babu gashi: goshin shuɗi, ƙeyar ja wur, kumatun baƙaƙe. Ba ya son tashi sama, ya fi son tsalle a ƙasa da kan duwatsu. Da laka yake gina sheƙarsa, ya manna ta a ƙarƙashin dutsen da ya sunkuyo, inda ruwan sama ba zai taɓa ta ba, kuma yawanci ƙwai biyu macen kan saka. Wannan na biyun ne malamin ya ƙudurta sai ya gani.

Kwana biyu ya yi a hanya cikin watan Disamba. Daga Jos ya bi ta Lafiya da Makurɗi da Gboko har Obudu, daga nan ya kama hanyar Ikom, sannan ya sauka ya hau babur. Yana tafe ƙasa tana sauya kama. Kuka da gawo suka ɓace tun da nisa, ɗorawa da kaɗanya suka bi bayansu, kwakwar manja da ayaba suka maye gurbinsu, har aka kai inda itatuwa suka haɗe kai bisa hanya. Yankin na al'ummar Boki ne, manoman koko da ayaba da doya, kuma hedikwatar ƙaramar hukumarsu tana garin Boje. Ruwan da ke zuba a nan a shekara ya kusa ninka na Kano sau uku. A tsakiyar yankin ne Dutsen Afi yake tsaye, ƙololuwarsa ta kai wajen mita 1,300. A shekarar 2000 gwamnatin jihar ta keɓe kimanin murabba'in kilomita 100 na dutsen a matsayin mafakar namun daji, musamman saboda gwaggon birin Kuros Riba, wanda ake ƙiyasin bai fi 300 da suka rage ba tsakanin Nijeriya da Kamaru.

Ƙauyen da ya sauka ƙarami ne, a gindin dutsen, gidajensa na ƙasa da rufin kwano, gaban kowanne an shanya 'ya'yan koko a kan tabarma. Aka fara kai shi gaisuwa wurin mai gari, sannan wurin ma'aikatan da ke tsaron dajin, domin ba a shiga sai da izininsu. Aka haɗa shi da wani dattijo, tsohon maharbi, gajere mai ƙwarin jiki, wanda ya ba shi mamaki da ya gaishe shi da Hausa. Ashe a zamanin ƙuruciyarsa ya yi shekaru yana dako wa fataken goro a kasuwar Ikom. Dattijon ya faɗi abin da za a ba shi na jagorar kwana uku. Malamin kuwa, da yake ɗan birnin ciniki ne, ya shiga tayi, bai bari ba sai da ya rage kusan rabi. Dattijon bai ja da nisa ba, ya ce, "Shi ke nan, Malam, gobe da asuba." Suka ba shi ɗaki, suka nuna masa gabas, suka kuma kula ƙwarai da abin da za su sa masa a kwano, don sun san akwai naman da ba ya ci.

Darasin farko da kurmi ya koya masa shi ne, ido ba shi ne sarki ba a nan. A ƙasar Hausa tsuntsu yakan zauna a kan busasshen reshe, sarari na bayansa, a hango shi tun daga nesa. A kurmi kuwa itatuwa sun yi sama kamar za su taɓo gajimare, gindinsu ya baje kamar katangu, igiyoyi sun sarƙe tsakaninsu, hasken rana ba ya isowa ƙasa sai ɗigo-ɗigo. Kuka ta ko'ina, gaba da baya, sama da ƙasa, amma mai kukan ba ya ganuwa. Malamin ya yi ta ɗaga kai har wuyansa ya ƙage, tururin jikinsa ya lulluɓe gilashin madubin, littafin ya jiƙe da gumi a hannunsa. Shi kuwa dattijo ko sama ba ya dubawa. Yakan tsaya cak, ya karkata kunne, ya faɗi sunan tsuntsun da harshensu, ya faɗi abin da yake ci da irin itacen da yake kai, sannan ya nuna da leɓe. Sau da yawa kafin malamin ya daidaita madubi, sai dai ya ga ganye na motsi. Nan ya tabbatar da cewa baƙo makaho ne ko da yana da ido.

Duk da haka bai tashi a banza ba. Da hantsi suka ji wani irin huci daga sama, kamar ana zuga zugazugin maƙera. Dattijon ya riƙe masa hannu. Sai ga wasu manyan tsuntsaye biyu sun ratsa ta wata kafa tsakanin rassa, baƙaƙe, kowanne da ƙaton baki mai tozo a kai. Ƙarar fuka-fukansu ce suka ji. Dangin cilakowa ne, amma sun ninka ta girma nesa ba kusa ba. Dattijon ya bayyana masa yadda macen ke shiga kogon itace ta liƙe ƙofar, ta bar 'yar tsaga, namijin ya riƙa miƙo mata abinci har 'ya'yan su tasa. Malamin ya yi murmushi, don haka cilakowar gidansu take yi. Abin da bai taɓa tunani ba shi ne, waɗannan tsuntsaye su ne manoman kurmi: sukan haɗiye 'ya'yan itace a wuri ɗaya, su kasayar da ƙwallon a wani wuri mai nisa, itace ya tsiro. Gaba kaɗan suka tarar da wani babban tsuntsu shuɗi, mai baƙin tukku da baki rawaya mai jan tsini, tsawonsa ya zarce santimita 70, yana gudu a kan reshe kamar kurege. Shi ne babba a dangin kulkulu. Sa'an nan suka ci karo da rundunar kwarkwasa ta ratsa hanya, ƙananan tsuntsaye na biye da ita suna cafke ƙwarin da ta tayar. Malamin ya shagala da kallo har sai da kwarkwasar ta hau masa ƙafa, ya yi ta tsalle yana kakkaɓe wando, dattijon na dariya har da riƙe ciki.

Bayan la'asar suka hau wani gangare mai santsi, suka isa wani ƙaton dutse da ya sunkuyo bisa wata 'yar ƙorama. A jikinsa, sama da tsayin mutum, ga sheƙuna uku na laka, kowace kamar rabin ƙwarya da aka manna a bango. Dattijon ya yi masa raɗa cewa lokacin ƙyanƙyasa ya wuce tun cikin damina, amma tsuntsun yakan leƙo gidansa dab da faɗuwar rana. Sharaɗi ɗaya ne: ba magana, ba motsi. Suka zauna a bayan wata saiwa. Ƙananan ƙudaje masu son gumi suka yanyame fuskar malamin, ƙafarsa ta yi sanyi, duhu ya fara shigowa. Ba abin da ya zo. Washegari suka koma tun da wuri. Bayan zaman kusan awa biyu, sai dattijon ya taɓa gwiwarsa da ɗan yatsa. Malamin ya ji wani ɗan motsi a cikin busassun ganyaye ta hagunsa, zumuɗi ya kwashe shi, ya zabura ya ɗaga madubi. Abin da ya gani kawai shi ne ƙarshen bindi mai ruwan toka yana shigewa duhuwa. Dattijon ya numfasa, ya ce, "Malam, ya zo gaishe ka, ka kore shi."

Ganin ransa ya ɓaci, sai dattijon ya ce su sauka da sauri, akwai abin da zai nuna masa kafin magariba. Suka hau babur zuwa wani tudu kusa da ƙauyen Ebbaken, wanda babu itatuwa a kansa, sai wata doguwar ciyawa mai kama da gamba, ta fi tsayin mutum. Da farko sararin sama fayau yake. Can sai ga ɗigo-ɗigo daga nesa, kamar an watsa gero. Kafin a jima suka zama gungu, gungu ya zama hayaƙi, hayaƙin ya rufe sama daga wannan gefe zuwa wancan, yana murɗawa yana warwarewa, ga wata ƙara kamar ta ruwan sama a kan kwano. Shaho biyu suka riƙa kutsawa ciki suna fita. Da rana ta ɓace, sai tsuntsayen suka fara zubowa cikin ciyawar kamar ana zazzage buhu, cikin ɗan lokaci sama ta koma wayam. Tsattsewa ce, irin mai dogon bindi mai baki biyu da jan maƙogwaro, wadda ke ƙyanƙyasa a Turai, ta gudo wa sanyi ta yi hunturu a Afirka. Wannan tudu yana cikin manyan wuraren kwananta da aka sani a nahiyar, kuma masu ƙiyasi sun sha ambaton miliyoyi. Malamin ya tsaya baki buɗe. Ya zo neman tsuntsun da ba a cika gani ba, sai ga wanda ya saba gani yana gilmawa bisa filin makarantarsu ya tsayar masa da numfashi.

Da dare, bayan an ci abinci, dattijon ya shiga ɗaki ya fito da wani tsohon gwangwanin madara, ya zazzage shi a tafin malamin. Wasu 'yan ƙananan zobba ne na farin ƙarfe, kowanne bai fi ƙwayar masara ba. Malamin ya haska tocila, ya ga lambobi da rubutun boko a jikinsu, a kan ɗaya ma ya karanta sunan Italiya. Ya san labarin a littafi: tun shekarar 1899 wani malamin makaranta a ƙasar Denmak mai suna Mortensen ya fara sa wa tsuntsaye zobe mai lamba a ƙafa, domin in an tsince su a wani wuri a san inda suka fito. Ta wannan hanya ce aka tsinci tsattsewar da aka sa wa zobe a Ingila a 1911 can a Afirka ta Kudu a 1912. To amma karatu daban, riƙe abu a hannu daban. Tsuntsun da nauyinsa bai wuce giram 20 ba ya ɗauko wannan zobe ya ƙetare Bahar Rum da Sahara, tafiyar fiye da kilomita 4,000, ya kawo shi wannan tudu. Ya tambayi dattijon inda ya samo su. Dattijon ya ce daga ƙafar waɗanda suka ci ne. A da, in ji shi, sukan shiga ciyawar da dare su kamo tsattsewa dubbai, kuma ba su san ma'anar zoben ba sai a shekarun 1990, da masana daga Turai da ma'aikatan kare namun daji na Nijeriya suka fara zuwa, suna ɗaukar samarin garin aikin kamawa a sa zobe a saki.

Nan fa malamin ya ji abin ya tsaya masa a rai, ya kasa haɗiyewa. Ya ce, "Haba Baba! Tsuntsun da ya tsallake teku da hamada ya zo muku baƙunta, sai ku tarbe shi da tukunya? Ai wannan ba girman mai masauki ba ne."

Dattijon bai amsa nan take ba. Ya tattara zobban ɗaya bayan ɗaya ya mayar cikin gwangwani, sannan ya ce, "Malam, gaskiya ka faɗa. Amma tun da ka zo garin nan ka ga garken shanu? Ƙudan tsando ba ya barinsu. Ku kowace kasuwa da mahautanta. Ni 'ya'yana da naman tsuntsun nan suka yi ƙashi. Yanzu ni ma bari in tambaye ka. Ina saurayi na taɓa bin motar goro har Kano. Na ga ungulaye a kan rufin kwata, sun fi gaban ƙirga. Suna nan?"

Malamin ya buɗe baki zai ce suna nan, sai ya tsaya. Ya shiga lalube a cikin ransa, yana neman ranar da ya yi wa ungulu ganin ƙarshe, bai samo ba. Shekara goma ce, ko sha biyar? Tsuntsun da a da ake kora da jifa a bakin kasuwa ya ɓace daga garinsu, shi kuma mai koyar da ilimin halittu bai ko lura ba. Ya san cewa tun 2015 aka sa irin wannan ungulu cikin jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya, ya kuma san cewa masu haɗa magungunan gargajiya da na tsibbu suna cikin masu sayen kanta da ƙafafunta, amma bai taɓa haɗa wannan sani da rufin kwatar garinsu ba. Daga ungulu tunaninsa ya koma kan gauraka, mai tukkun zinariya, wadda yana yaro yakan ji kukanta a fadama da sassafe. Yau da wuya a ga ko ɗaya a dajin Nijeriya.

Dattijon ya ci gaba, ba tare da ɗaga murya ba: "Jiya ka tambaye ni ina aku, na ce maka sun yi ƙaranci. Da can garke-garke suke wucewa ta kan garin nan da yamma, suna surutu. Mu muka hau itace muka kamo su, ban musa ba. Amma wa ya saya? A gidan wa kejin yake?" Malamin ya tuna da akun da ke rataye a zauren wani attajirin unguwarsu, mai jan bindi, wanda yara kan taru su koya wa sallama. Ya tuna kuma cewa sai a 2016 ƙasashen duniya suka amince a hana cinikin akun daji tsakanin ƙasa da ƙasa, bayan an riga an kwashe na wurare da yawa. Bai sami abin cewa ba. Lalle laifi tudu ne, kowa ya taka nasa sai ya hango na wani.

Kafin su rabu a daren, dattijon ya ƙara masa da wata magana wadda ta fi sauran nauyi. Ya ce shi ya ajiye bindiga ne domin ya ga jagorar baƙi tana kawo abin sawa a baka, ya kuma ga cewa tsuntsun da ke raye ana iya nuna shi sau ɗari, wanda aka harbe kuwa sau ɗaya ake cinsa. To amma baƙin ba kullum suke zuwa ba. Shekarar da ba su zo ba, kuɗin makarantar jikoki ba ya jira, sai mutum ya ɗauki adda ya ƙara faɗin gonar koko, gonar kuwa ba ta da inda za ta faɗaɗa sai cikin kurmi. Ya ce sun ga abin da dutse kan yi in ya fusata, domin a daminar 2012 ƙasa ta zaftaro daga Afi ta binne gonaki ta lalata hanyoyi. Sun san amfanin itace sarai, ba sai an zo daga birni an gaya musu ba. Malamin ya kwanta yana juyi. Abin da ya hana shi barci shi ne tayin da ya yi ranar da ya iso, yana murna ya yi ciniki, ashe daga bakin kurmin ya yanki ribar.

A rana ta uku suka koma gindin dutsen. Wannan karon malamin ya bar littafin a ɗaki, ya rataya madubin a wuya, ya harɗe hannuwa, ya ƙudurta ko kunama ce ta hau shi ba zai motsa ba. Ƙudajen suka zo, ya ƙyale su. Ya fara jin abubuwan da bai ji ba a kwana biyun farko: ɗigar ruwa daga leɓen dutse, faɗuwar ganye ɗaya, numfashinsa shi kansa. Haske ya rage saura kaɗan. Ba tare da wata ƙara ba, sai ga shi a kan wani dutse, kamar daga ƙasa ya tsiro. Ya yi tsalle ɗaya mai tsawo ya sauka kan saiwa, ya sake wani ya dawo kusa, har tsakaninsu bai fi taku biyar ba. Madubi ba shi da amfani a irin wannan kusanci. Ga shuɗin goshin, ga jar ƙeyar kamar an shafa mata lalle, ga cikin mai ruwan ƙwai, ga dogayen ƙafafu. Ya karkata kai ya dubi malamin da baƙin idonsa, kallon tsanaki, irin na mai gida da ya tarar da baƙo a zaurensa. Sannan ya yi tsalle ya hau bakin sheƙarsa, ya gyara fiffike, ya sauko, ya shige duhu. Duka bai fi minti biyu ba. Malamin ya yi tasbihi a zuci, ya juya ya ga dattijon yana murmushi, kamar shi ma yau ya fara ganinsa. Mai haƙuri, in ji Hausawa, shi kan dafa dutse ya sha romonsa.

Da gari ya waye ya ƙirga kuɗin da dattijon ya fara faɗa tun ranar farko, cif, ya ɗora wani abu a kai, ya miƙa masa da hannu biyu, ya ce, "Baba, a yafe mini tayin da na yi." Dattijon ya karɓa, ya shiga ɗaki, ya fito da zobe ɗaya daga cikin gwangwanin, ya ce ya kai wa yaran makaranta su gani.

Da aka koma hutu, malamin ya roƙi shugaban makaranta ya ba shi safiyar kowace Asabar. Yakan fita da ɗalibai goma sha biyu zuwa bayan gari da bakin fadama, madubi ɗaya suna karɓa-karɓa. Ya raba musu littafin rubutu, ya sa suka ja layi a tsakiyar kowane shafi. A hannun dama sukan rubuta tsuntsun da suka gani da idonsu, da rana da wuri da adadi. A hannun hagu kuwa sukan rubuta sunayen da suka samo daga bakin kakanninsu, na tsuntsayen da aka sani a garin a da. Kafin zango ya ƙare, ɓangaren dama ya haura sittin, har da waɗanda malamin da kansa bai san suna garin ba. A ɓangaren hagu akwai sunaye huɗu da har yanzu ba su ƙetara layin ba: ungulu, gauraka, burtu da jimina.

Wata safiya a ƙarshen watan Maris, zafi ya fara tsananta, suna tsaye a filin ƙwallo sai ga tsattsewa suna wucewa ƙasa-ƙasa, ɗaya bayan ɗaya, duk sun fuskanci arewa. Wata yarinya ta tambaya, "Malam, ina za su?" Ya sa hannu a aljihu ya ciro zoben, ya ɗora mata a tafi, ya ce ta karanta abin da ke jiki, sannan ta rubuta a hannun dama: rana, wuri, da adadin da ta iya ƙirgawa.